Shin da gaske ana gasar ƙaramin golf ta duniya?

Wani ɗan'uwa ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, na ji ana cewa akwai gasar duniya ta ƙaramin golf, wannan dai da ake bugawa da yara a wuraren shaƙatawa. Da gaske ne? Ni a ganina ai sa'a ce kawai. In kuwa gaskiya ne, yaya ake yin ta, su wa ke ci, kuma ta ina mutum zai shiga?"

Ɗan'uwa, da gaske ne, kuma ba jiya aka fara ba. Na yi shekaru ina buga wannan wasa, daga baya na koma bayan 'yan wasa ina riƙe musu jakar ƙwallaye da laima, saboda haka abin da zan faɗa maka yawancinsa na gan shi da idona. Sa'a tana da ɗan gurbinta, kamar a kowane wasa da ake yi da abu mai gangarawa. Amma duk wanda ya tsaya ya ga mutum ya jefa ƙwallo a rami da bugu ɗaya sau 15 cikin layuka 18, ya je ya sha ruwa, ya dawo ya maimaita, gobe ma ya sake, zai daina kiran abin sa'a. A matakin duniya ana cin wasan ne tun kafin a busa usur, a kwanakin atisaye da kuma wajen zaɓen ƙwallo. Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne mutane ba su sani ba.

Hukumar da ke riƙe da wasan a duniya ita ce wadda ake taƙaita sunanta da WMF, kuma ƙasashe fiye da 60 ne ke ƙarƙashinta. An yi gasar duniya ta farko a Oslo, babban birnin Norwe, a 1991, daga nan ake yin ta duk bayan shekara biyu, shekarun tsakani kuma a bar wa gasar nahiyoyi. Galibi cikin Turai take zagayawa, irin su Odense a Denmak a 2009, Stockholm a 2011, Bad Münder a Jamus a 2013, Lahti a Finlan a 2015. A 2019 an yi ta a wajen nahiyar, a Zhouzhuang ta ƙasar Sin, sannan ta koma Uppsala ta Suwidin a 2023. Matasa suna da tasu gasar ta duniya, dattawa suna da tasu ta Turai, zakarun kulob-kulob ma suna haɗuwa duk shekara. Jamus da Suwidin su ne manyan giwaye, sai Suwizalan, Ostiriya, Jamhuriyar Cek, Italiya da Finlan suna biye. Suwidin ta kafa hukumarta ta ƙasa tun 1937, ita ce mafi daɗewa a duniya, Jamus kuwa har lig take bugawa mai suna Bundesliga, kamar dai ta ƙwallon ƙafa.

Abin da ya fitar da wasan daga nishaɗi ya mai da shi gasa shi ne daidaita filaye. Buga ƙwallo a gajeren fili tsohon abu ne, matan garin St Andrews a Sikotilan sun kafa kulob ɗinsu na irin wannan bugu tun 1867, Amurkawa ma sun yi gasar ƙasa a Lookout Mountain a 1930. Amma muddin kowane fili da siffarsa, ba yadda za a gwada ɗan wasan nan da na can. Wani mai tsara lambuna ɗan Suwizalan, Paul Bongni, shi ya warware wannan. A 1954 aka buɗe filinsa a Ascona, kusa da tafkin Maggiore, mai layuka 18 na kankare, kowane layi tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 1.25, a ƙarshensa akwai da'ira inda ramin yake, gefuna kuma bututun ƙarfe ne. Har yau duk filin kankare na gasa layukan nan 18 ne, a jere iri ɗaya. Layi na 7 ne kawai ya fita daban, ana ɗaga ƙwallon ta bi iska kusan mita 25 ta sauka a da'ira, shi ne wuri ɗaya tak da wasan ya ɗan yi kama da babban golf.

Nau'i na biyu daga Hamburg ta Jamus ya fito a 1958. Falanki ne na siminti mai haɗe da zare, 'yan wasa suna kiransa Eternit da sunan kamfanin da ke yin falankin. Layinsa gajere ne, mita 6.25 a tsawo, santimita 90 a faɗi, kuma ba a taka shi, a gefe ake tsayawa a buga. Mai fili yana zaɓen layuka 18 daga jerin siffofin da hukuma ta amince da su, kowace da sunanta: akwai walƙiya mai lanƙwasa biyu, akwai dala-dala, akwai bututu, akwai raga da ake cilla ƙwallo cikinta, akwai tudun tsakiya wanda raminsa ke kan ƙololuwa, in bugun ya yi rauni ƙwallon ta dawo maka, in ya yi ƙarfi ta tsallake ramin ta gangara ɗaya ɓarin. Wanda bai sani ba zai ga gajartarsa ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Sauƙin nan shi ne azabarsa. Kowane layi an gina shi yadda bugu ɗaya zai isa, kowa a gasar ya san haka, don haka bugu biyu a nan asara ce, uku kuwa rauni ne da ba lallai ya warke ba har a tashi.

Na uku shi ne filin kafet na Suwidin, katako ne aka shimfiɗa masa kafet, layukan dogaye ne, wasu har mita 18, ga ƙofofi ƙanana da hawa mai tsayi. Shi ne ya fi wuya, kuma shi na fi so, domin ba ya rufa wa kowa asiri: in hannunka ya karkace ko da kaɗan ne, tsawon layin zai faɗaɗa kuskuren har kowa ya gani. Ɗaya daga cikin layukansa sunan wani gari ne a kudancin Suwidin, Örkelljunga, hawa ne mai ƙofa bayan ƙofa, na ga gwanaye sun tsaya a gabansa gumi yana keto musu. Na huɗu shi ne buɗaɗɗen tsari da hukumar ta karɓa daga baya don ta rungumi filayen ciyawar roba masu tudu da kwari da ruwa, irin waɗanda ka sani a wuraren shaƙatawa. Su ma suna da babbar gasarsu, World Adventure Golf Masters, wadda aka fara a Hastings ta Ingila a 2011. Babbar gasar duniya kuwa galibi a kan nau'i biyu ake yin ta a wuri ɗaya, misali Eternit da kafet, ko Eternit da kankare, a haɗa makin. Wanda ya iya ɗaya kawai ba zai kai labari ba.

Dokokin ba su da yawa. Kowane bugu maki ɗaya ne, mai mafi ƙarancin maki shi ya ci. Kana da bugu 6 a kowane layi, in ƙwallon ba ta shiga ba a rubuta maka 7 ka wuce. In ba ta ƙetare shingen layin ba, ka koma mafari ka sake bugawa. In ta kwanta a jikin bango, ana matsar da ita santimita 20 zuwa wani zane da aka yi don sanda ta samu wurin shiga. Ana tafiya uku-uku, kowa yana rubuta makin ɗan'uwansa, alƙalan wasa suna zagayawa, kuma akwai iyakar lokaci, kusan minti ɗaya ga kowane bugu. Dokar da ta fi kowace tasiri ita ce wannan: kana iya sauya ƙwallo daga layi zuwa layi, amma wadda ka fara layi da ita, da ita za ka gama shi. Riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Allon maki ma da launi yake magana. A Eternit, zagayen da ya gaza 20 ana rubuta shi da shuɗi, 20 zuwa 24 kore, 25 zuwa 29 ja, daga 30 baƙi. A kankare shuɗi yana kaiwa har 24, a kafet har 29, wannan kaɗai ya nuna maka bambancin wuyarsu. Mai zuwa shaƙatawa da iyalinsa yakan gama Eternit da 40 ko 50 yana murna. Gwanayen duniya a kusa da 20 suke yawo, kuma 18, wato kowane layi bugu ɗaya, ana yin ta a manyan gasa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A kankare kuwa 18 abu ce da mutum zai iya gama rayuwarsa ta wasa bai gani ba. Ka lissafa: mutum ya buga layuka fiye da 100 cikin kwanaki, a ƙarshe abin da ya raba zinare da azurfa bugu ɗaya ne ko biyu.

Yanzu ga maganar ƙwallo. A babban golf sanduna ne da yawa, ƙwallo ɗaya. A nan an juya abin, sanda ɗaya ce, ƙwallaye kuwa ɗan wasan da ya daɗe yana da ɗaruruwa a gida, ya cika jaka da wasu ya tafi gasa. Doka ta ce faɗin ƙwallo ya kasance tsakanin milimita 37 da 43, kuma in an sake ta daga tsayin mita ɗaya a kan kankare, a zafin digiri 25, kada ta yi tsallen da ya wuce santimita 85. A cikin wannan iyaka komai ya halatta, kamfanoni irin su Reisinger da 3D sun yi dubban iri. Akwai wadda in ka sake ta ƙasa sai ta zauna daram kamar curin laka, muna ce mata matacciya. Akwai mai tsalle kamar fara. Akwai mai tauri kamar dutse, akwai wadda za ka matse da yatsu biyu ta lotsa. Wata nauyinta ya kusa ninka na wata. Sai kuma fata: mai santsi da aka shafa wa fenti, mai kaushi, da wadda aka bari tsirara ba a shafa mata komai ba.

Me ya sa duk wannan? Saboda a yawancin layuka ba ramin kake nufa kai tsaye ba, bango kake nufa. Ƙwallo mai santsi in ta daki bango tana zamewa ta fita da faɗin kusurwa. Mai kaushi tana kama bangon, ta ɗauki juyi, ta fito a tsuke. Matacciya tana dukan bango ta lafe kusa da shi, shi ya sa ake son ta a inda ake buƙatar ƙwallo ta ratsa shinge ba tare da ta yi ta karo tana dawowa ba. A fuskar sandar ma akwai roba da aka manna, da ita ake ba ƙwallo juyi zuwa hagu ko dama, da ita kuma ake iya tura matacciyar ƙwallo ba tare da an yi amfani da ƙarfi ba. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne bugun dawowa. A layuka da yawa da gangan ake sa ƙwallo ta wuce ramin ta gefe, ta daki bangon baya na da'irar, ta dawo ta faɗa. Gwani yana tsara bugunsa yadda zai samu dama biyu, in ba ta shiga da tafiya ba ta shiga da dawowa, wani lokaci har dama ta uku bayan ta zagaye da'irar. Mai kallo sai ya ce kai, wannan ya taki sa'a. Alhali mutumin ya yi wannan bugun sau ɗari a makon.

Sai zafi da sanyi, wanda shi ne rabin aikin koci. Roba tana sauya hali da yanayi: in ta ɗumama tsallenta ya ƙaru, in ta yi sanyi ya ragu. Ƙwallon da ta yi maka daidai da ƙarfe 8 na safe, da azahar wata ƙwallo ce daban ko da yake ita ce a hannunka. Shi ya sa za ka ga manyan mutane suna cusa ƙwallo cikin safa su soke a ƙugu don ta ɗauki ɗumin jiki, wasu a aljihu, wasu a hammata, wasu cikin 'yar jaka mai ɗumama kanta, wasu kuma a akwatin ƙanƙara ko bokitin ruwa. Koci yana yawo da ma'aunin zafi, kafin ɗan wasansa ya iso layi sai ka ga ya saki ƙwallon a ƙasa sau biyu ko uku yana duban tsallenta, yana sauraren ƙararta, sannan ya miƙa. In rana ta haska rabin layi, a buɗe laima a yi masa inuwa. In iska ta taso, a jera allunan kariya. In an yi yayyafi a tsayar da wasa, a fito da tawul da abin share ruwa, domin danshi kaɗan yana sauya gudun ƙwallo.

Bari in nuna maka yadda abin yake a kusa. A wata gasar ƙungiyoyi a kan Eternit, ina riƙe wa wani matashi ƙwallaye, yaro mai natsuwa, hannunsa ba ya rawa. Akwai layin kusurwa, wanda ƙwallo ke dukan bangon da aka karkata, ta juya, ta shiga da'ira, ta wuce ramin, ta dawo. Mun yi kwana huɗu muna gwada shi, mun tsayar da wata ƙwallo mai matsakaicin tsalle, da sharaɗin ta fito daga aljihu da ɗan ɗumi. A zagaye uku na farko bugu ɗaya-ɗaya ya yi a wurin. A na ƙarshe aka yi ruwa, aka dakata, sannan rana ta buɗe da ƙarfi, rukunin da ke gabanmu kuma suka yi jinkiri. Ƙwallon ta ƙara kusan minti goma a aljihuna fiye da yadda muka saba. Na ji ɗuminta a tafin hannuna, zuciyata ta ce in tsoma ta a ruwa, sai na ga yaron ya riga ya tsaya a mafari ya miƙo hannu, ban so in katse masa natsuwa ba, na ba shi. Ya buga daidai yadda ya saba, ban ga aibi ko ɗaya a bugun ba. Ta daki bangon baya ta dawo da ɗan ƙarin gudu, ta lashi bakin ramin, ta tsaya tazarar yatsa biyu. Ya juyo ya dube ni, bai ce komai ba, ya ƙarasa da bugu na biyu. Da yamma da aka haɗa maki, da bugu ɗaya wata ƙungiya ta sha gabanmu. Laifin nawa ne, na kuma gaya masa haka a gaban sauran. Tun daga ranar ban sake miƙa ƙwallo ba sai na sake ta a ƙasa na ga tsallenta, ko wa ke jira.

Wannan zai fahimtar da kai dalilin da ya sa tawagogi ke isa wurin gasar duniya mako guda ko fiye kafin a fara. Layuka iri ɗaya ne a takarda, amma ba fili biyu da suka zama ɗaya a ƙasa. Wannan falanki ya ɗan karkata hagu, wancan bango yana da gaɓa inda aka haɗa ƙarfe biyu, da'irar can tana janye ƙwallo zuwa dama. Ana raba layukan tsakanin 'yan tawaga, kowa ya yi ta gwada ƙwallaye, a rubuta a littafi: inda za a ajiye ƙwallo a mafari, inda za a nufa a bango, ƙarfin bugu, ƙwallon safe da ƙwallon rana. Har bugu na biyu ana zana masa taswira, a ajiye ƙwallo a wurare daban-daban cikin da'ira a ga ta ina take lanƙwasa zuwa ramin. Manyan ƙasashe suna zuwa da masu horarwa da yawa da kuma akwatunan ƙwallaye, ƙananan ƙasashe kuwa mutum ɗaya ne ɗan wasa, shi ne koci, shi ne mai riƙe laima. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa lambobin suke yawan komawa wuri ɗaya, kuma abin yana damuna, domin na ga masu hannu mai kyau daga ƙasashen da ba su da ko fili ɗaya na Eternit, sun zo sun sha kashi saboda rashin kayan aiki da rashin wanda zai nuna musu. Abin da ke sanyaya mini rai shi ne al'adar aro: sau da yawa za ka ga ɗan babbar tawaga ya ara wa baƙo ƙwallo, har ya nuna masa inda zai nufa.

Lambobin da ake ci kashi-kashi ne. Akwai na ƙungiya, inda ake haɗa makin maza 6, na mata kuma 3. Akwai na ɗaiɗaiku bisa jimillar bugu. Sannan akwai gaba da gaba, kifa ɗaya ƙwala, inda waɗanda suka fi maki, galibi maza 32 da mata 16, ke karawa biyu-biyu, ana ƙidaya layin da kowa ya ci. A nan ne za ka ga abin da wasan ke yi wa zuciya. Abokin karawarka ya jefa da bugu ɗaya, ya yi kururuwa har ana ji daga ƙarshen fili, kai kuma ka tsaya kan ƙwallonka ka san in ba ka yi irin tasa ba layin ya tafi. Wurin yakan yi tsit kafin bugu, ba mai motsi a gaban ɗan wasa. Bugun da ka yi sau ɗari a atisaye ba tare da tunani ba, yanzu sai ka ji sandar ta yi nauyi.

Duk abin da na faɗa zuwa nan tsarin Turai ne. Amurka da Birtaniya suna da tasu hanyar, kuma mai yiwuwa ita ka fi gani a bidiyo. A Amurka Don Clayton ya kafa filayen Putt-Putt a Fayetteville ta jihar Karolina ta Arewa a 1954, layuka marasa ado da aka tsara don gwaninta, aka kuma kafa ƙungiyar ƙwararrunsu a 1959. A can da ƙwallon golf ta gaske ake bugawa, ba jakar ƙwallaye, saboda haka 18 ta yi wuya ƙwarai, mutane ƙalilan ne suka taɓa yin ta a gasa, cikinsu har da Rick Baird a Richmond a 2011. Akwai kuma gasar Masters ta ƙaramin golf da ake yi tun 1997 a filin Hawaiian Rumble da ke North Myrtle Beach, mai dutsen aman wuta na ado a tsakiya, wanda ya ci a sa masa koren kwat kamar yadda ake yi a gasar Masters ta babban golf a garin Augusta. A Ingila, garin Hastings na bakin teku yana karɓar World Crazy Golf Championship tun 2003, a filin da ke da injin niƙa mai fukafukai da ke juyawa a gaban ƙofa. A zagayen ƙarshe ana barin ƙwallayen kowa a kan layi lokaci ɗaya, taka tana iya dukan ta wani ta kore ta ko ta tura ta rami.

Wasu abokaina na ɓangaren Turai suna yi wa waɗannan kallon wasan biki. Ban yarda da su ba. Mutumin da aka hana shi sauya ƙwallo dole ya nemi komai daga hannunsa da idonsa, wannan ma gwaninta ce cikakkiya. Olivia Prokopová 'yar Jamhuriyar Cek ta nuna haka a 2013, lokacin da ta ci gasar US Open ta ƙaramin golf a Amurka da Masters da kuma gasar Hastings duk a shekara ɗaya, tana budurwa, tana karawa da maza a rukuni ɗaya. Wannan wasa ba ya tambayar ƙarfin damtse ko tsawo, kuma a gasa da yawa za ka ga ɗan shekara 16 da mai shekara 60 a rukuni guda.

Game da kuɗi, kada ka sa rai. Gasar duniya ta WMF lambar zinare da taken ƙasa ake samu, kusan duk 'yan wasan suna da sana'arsu, hutun aikinsu suke ci su zo. Gasannin Amurka da na Hastings suna ba da kuɗi, amma ba wanda zai riƙe gida, sau da yawa ma kuɗin tafiya ya cinye shi. Wasan ba ya cikin Olamfik, ko da yake an gayyace shi World Games, wato taron wasannin da ba sa cikin Olamfik, a Karlsruhe ta Jamus a 1989. Duk da haka hukumar tana bin dokokin hana shan ƙwayoyin ƙara kuzari na duniya, ana gwajin 'yan wasa, an kuma hana shan barasa lokacin gasa. Magungunan da ke kwantar da bugun zuciya da rawar hannu su ne abin tsoro a irin wannan wasa, don haka mai shan maganin hawan jini ya bincika tun da wuri ko yana buƙatar takardar izini.

Hanyar shiga biyu ce. Gasar duniya da ta nahiya ba a shiga da kai, hukumar ƙasarka ce ke tura tawaga, don haka matakin farko shi ne ka duba ko ƙasarka tana cikin WMF, ka yi rajista da kulob, ka buga gasannin cikin gida har a zaɓe ka. In babu hukuma a ƙasar, 'yan wasa suna iya haɗuwa su kafa su nemi shiga, ƙasashe da yawa da haka suka fara. Hanya ta biyu ita ce buɗaɗɗun gasa irin ta Hastings, wadda duk wanda ya yi rajista ya biya yana iya bugawa, akwai ma rukunin sababbin shiga.

Kafin nan, ka samu sanda mai roba a fuska wadda ta dace da tsawonka. Kada ka yi gaggawar tara ƙwallaye, huɗu ko biyar sun ishe ka shekarar farko: matacciya ɗaya, mai matsakaicin tsalle ɗaya, mai tsalle sosai ɗaya, mai tauri ɗaya, in ka samu da mai kaushi. Ka zaɓi fili ɗaya ka lazimce shi, ka sayi ƙaramin littafi kana rubuta kowane zagaye, layi bayan layi, tare da lokacin da ka buga da yanayin garin. Bayan wata biyu ka buɗe littafin, za ka ga layuka uku ko huɗu ne ke cinye maka yawancin maki. Ka je waɗannan da sassafe kafin mutane su zo, ka buga kowanne sau 30 da ƙwallo ɗaya, ka dawo da rana tsaka ka sake buga su da ita, ka rubuta bambancin da ka gani.